Shukar rufi ta yi ja, hunturu na tafe

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan isha'i, kuma daga muryarka na ji hankalinka a tashe yake. Ka ce: "Maigida, na hau rufin ofishin nan da muka shuka bara, na tarar shukar duk ta yi ja kamar an watsa mata manja. Ga Oktoba ta raba. Taki zan ba ta, ko ruwa, ko kuwa in nemo leda in lulluɓe ta kafin sanyi ya ɓata mana aiki?"

Cikin ukun nan kada ka yi ko ɗaya. Shukar lafiyarta ƙalau. Sedum ake ce mata, kuma asalinta 'yar kan duwatsu ce da tsofaffin katangu a nan Turai, inda babu mai yi mata bayi balle ya rufa mata bargo. Ganyenta masu kaurin nan rumbun ruwa ne. Idan dare ya fara sanyi, rana kuma na dukanta, sai ta sauya launi don kare kanta, shi ne jan da ka gani. Sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili ma tana jure shi. Ka dawo a Afrilu ka ga yadda za ta koma kore shar.

Taki a wannan lokaci cuta ne. Zai sa ta fitar da sabon toho mai laushi, cike da ruwa, daren farko da ƙanƙara ta kama kuwa tohon zai dafe. Ragowar takin ruwan sama ya wanke shi ya bi magudana, abin da ya saura ciyawa ta ci ta yi ƙiba. Lokacin taki Afrilu ne, irin wanda ke narkewa a hankali, kuma ɗan kaɗan: wajen giram 5 na naitirojin a kowane murabba'in mita ya ishe ta shekara. Leda kuwa gumi za ta tara a ƙarƙashinta shukar ta ruɓe, in ma iska ba ta riga ta yage ta ta jefa wa mai mota a titi ba.

Abin da na so ka tambaye ni shi ne magudanar ruwa, don nan aikin hunturu yake.

Ka tuna rufin soro a gida. Kafin damina ta faɗi, magini zai hau ya tsige duk ciyawar da ta fito, ya cike tsaga, ya yi yaɓe da makuba, sannan ya zura sanda a indararo ya tabbata a buɗe yake. Ya san in ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasa za ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta gaza. Shi ya sa ranar da na fara aiki a Shtutgat, wani birni a kudancin Jamus, na ga Bature na biyan kuɗi a shuka masa tsiro a kan ɗaki, dariya na yi har cikina ya ƙulle. Daga baya na gane dalilinsu. Garin a cikin kwari yake, tsaunuka sun kewaye shi, zafi da hayaƙi ba sa fita da sauƙi, don haka tun 1986 hukumar birnin ke tallafa wa masu shuka rufi. Amma tsoron maginin gida da namu duk ɗaya ne, wato ruwan da ya rasa hanya.

Bari in yi maka lissafi, don lissafi ya fi zama a kai. Ƙasar da muka zuba a rufin nan kaurinta santimita 10 ne, kuma ka ga ba ƙasar gona ba ce, dutsen aman wuta ne da fasasshen jan bulo da ɗan taki kaɗan, don ruwa ya ratsa da wuri. Duk da haka, idan ta sha ruwa ta ƙoshi, tare da shimfiɗun da ke ƙarƙashinta, murabba'in mita ɗaya ya haura kilo 100. Injiniya ya san da wannan, ya sa shi a lissafinsa, ya ƙara da nauyin dusar ƙanƙara na yankin. Abin da bai sa ba shi ne tafki. Ruwan da ya kwanta santimita 1 kilo 10 ne a kowane murabba'in mita. In magudana ta toshe ya taru santimita 10, ka ɗora wa ginin wani kilo 100 ke nan. Sannan sanyi ya zo ya daskarar da shi, kuma ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. A bakin magudana da wuraren da aka haɗa shimfiɗar hana yoyo, wannan kumburin ne ke buɗe 'yar kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita kanta sedum ɗin da ke shanye sanyi da fari, saiwarta ba ta jure zama cikin ruwa.

Na taɓa shan kunya a kan wannan. Shekarata ta biyu a sana'ar, na share wani rufi tsaf, har ina ɗaukar hoto, amma akwai magudana ɗaya a bayan injin iska da na yi ƙyuyar zagayawa in buɗe. A watan Fabrairu ƙanƙara ta narke, ruwa ya sauko ta silin a kan takardun mutane. Da muka ɗaga murfin, ganye ne cunkus da ƙwallon yara guda. Maigidana na lokacin bai yi mini faɗa ba, bokiti kawai ya miƙo mini, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ga yadda za ka yi. Kowace magudana akwai akwati mai murfi a kanta. Ka ɗaga murfin, ka sa hannu har ƙasa, ka kwashe ganye da laka da saiwoyin da suka kutsa. Kada ka yarda da ido: ka juye bokiti biyu na ruwa ka tsaya ka ga yadda yake tafiya. In ya yi jinkiri ko ya yi ta gurgura, toshewar na cikin bututu, sai ka kira ni. Ka leƙa indararon ko-ta-kwana, wanda ke jikin katangar rufi sama kaɗan da sauran, don tsuntsaye na son yin sheƙa a cikinsa. Daga nan ka bi layin tsakuwar da ke gefe-gefe, mai faɗin santimita 30 zuwa 50. An bar shi ba shuka ne don ruwa ya gudu, don gobara ta rasa abin ci, kuma don mu riƙa ganin bakin shimfiɗa. Duk sedum da ta rarrafa ciki ka tsige ta, ka watsa a inda ya yi sanƙo. Yanzu lokaci ya ɗan ƙure, amma wasu za su kama.

Sai ƙananan itatuwan da ke tsirowa da kansu. Iska da tsuntsaye na kawo iri, musamman na bishiyar nan mai farin bawo da Jamusawa ke kira birke. Ka san yadda cediya ke tsirowa a tsagar katanga tana ƙarama abin sha'awa, bayan shekaru ta raba ginin biyu. Haka waɗannan suke. Ka tumɓuke su da hannu tun suna tsawon yatsa, har saiwa, ka karkaɗe ƙasar ta koma wurinta. Ban yarda ka hau da fartanya ko wani abu mai tsini ba, don tsakanin tafin ƙafarka da shimfiɗar hana yoyo bai kai tsawon hannu ba.

Ganyen da ya zubo ka share da manjagara mai taushi, yanzu sau ɗaya, sannan a ƙarshen Nuwamba idan itatuwa sun gama kaɗewa. In ya kwanta a kan sedum ruɓar da ita yake yi. Tiyon ban ruwa kuma ka kashe famfonsa daga cikin gini, ka buɗe bakin waje, ka hura iska ruwan ya fita duka.

Idan dusar ƙanƙara ta sauka, ka bar ta, bargo ce ga shuka. Gishiri kada ya kusanci rufin. In ta yi yawa ƙwarai, musamman mai jiƙa wadda ta ninka sabuwa nauyi, injiniya ne zai ce a rage, ba ni ba, ba kai ba. Tsofaffin ma'aikata a nan ba su manta da garin Bad Reichenhall na nan Jamus ba, inda rufin zauren wasan ƙanƙara ya rufta ranar 2 ga Janairu, 2006, mutum 15 suka rasu, yawancinsu yara. Ba rufin shuka ba ne, amma bincike ya nuna danshi ya daɗe yana cin gam ɗin da ya haɗa katakan, dusar ta zo ta ƙarasa ne kawai. In an ce a rage, da shebur na roba ake yi, a bar kaurin tafin hannu a kan shuka, kuma ba a tara ta gefe guda.

Wani abu kuma, na ga hoton da ka turo, kuma ban ga igiya a jikinka ba. Ka ɗaura ɗamara ka maƙala ta a ƙarfen da aka kafa don haka, ko da minti biyu za ka yi. Kada ka hau da sassafe raɓa na daskare: ga santsi, ga ganyen sedum na karyewa kamar kwalba in an taka. Mahaifiyarka amana ta ba ni.

Ranar Asabar ƙarfe goma mu haɗu a ƙofar baya. Ka zo da bokiti biyu, buhunan shara da safar hannu mai kauri, ni zan karɓo makullin rufi.