Tambaya da Amsa: A Kai Yara Silima, Ko a Bar Su da Waya?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowa, dukansu a kan kallon silima. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin zaman lafiyar gida ne a cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni uwa ce mai ƴaƴa uku, ina zaune a unguwar Bagalam a Maradi. Hutun lakwal ya matso, ƙanen mijina da ke aiki a Yamai ya ce a tura masa yaran su yi sati biyu. Ya yi musu alkawarin zai kai su silima su kalli wani fim mai ban dariya, wai wasu yara ne suka faɗa wata duniya inda dabbobi ke magana, akwai dodo mai fukafukai, akwai takardar da ke nuna hanyar dukiya. Tun ranar ba su da zance sai wannan. Surukata ta ce ba da yawunta ba, silima matattarar ƴan iska ce, fim ɗin kuma ƙarya ce da tsafi. Maigidan ya ce in dai kallo ne a kai waya wurin masu turi, dala ashirin ta isa. Babbar shekararta 13, na tsakiya 9, autan 5. Na rasa tudun dafawa. Me za ka ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴata. Ki bar manyan biyu su je. Autan a dakata masa tukuna, zan faɗa miki dalili.

Amma bari mu fara da Hajiya, domin ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. Silimar da mu da ita muka sani a garin nan bango huɗu ce babu rufi, sai benci da allon siminti da aka shafa wa farar ƙasa. Sai dare ya yi ake farawa, tunda ba a iya haska hoto da rana a fili. Fina-finan Indiya ne da na kaboyi da na kareti, hayaƙin taba ya turnuƙe, a bakin ƙofa kuma akwai masu abin da bai kamata yaro ya gani ba. Matar aure ba ta zuwa, yaron da aka tsinkaya a layin yankar tikiti kuwa ya san bulala na jiransa a gida. Waccan silimar ta mutu tun da bidiyo da tele suka shiga gidaje, amma sunanta bai mutu ba a zukatan iyayenmu. Ɗakunan kallo na yanzu wani fasali ne daban. Wanda aka buɗe a Yamai a 2017, Canal Olympia, an gina shi rufaffe da kujeru 300 da sanyin na'ura, kuma irin waɗannan ɗakuna suna sa fim ɗin yara da rana tsaka, uwa da uba da goyo duk a jere. Shawarata, kada ke ki tsaya yi wa Hajiya wannan bayani. Ki sa ɗanta na Yamai ya kira ta da kansa, ya gaya mata wurin da za su, da lokacin da za su shiga, da cewa yana zaune kusa da jikokinta har a tashi. Abin da za ta karɓa daga bakin ɗanta ba lalle ta karɓe shi daga bakin suruka ba.

Sai batun ƙarya. A gidanku wa ke ba yaran nan labarin Gizo da Ƙoƙi? Ina kyautata zaton Hajiyar ce. Ita ce ke cewa "ga ta nan ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", daga nan kura ta yi magana, dodo ya haɗiye gari guda, yarinya ta shiga rijiya ta tarar da wata duniya a ƙarƙashi. In ta ƙare ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Babu wanda aka yaudara a wannan zama, mai bayarwa da masu saurare duk sun san a ina suke. Fim ɗin da ake son kai yaranki tatsuniya ce da aka yi wa hoto da sauti. Tsarinsu ma ɗaya ne: ƙaramin da aka raina ya bar gida, ya gamu da abin tsoro, ya tsira da wayo da taimakon waɗanda ya kyautata wa a hanya, ya dawo ya fi yadda ya tafi. Na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in huta, kuma abin da na gani shi ne yaron da aka cika wa kunne da labari ya fi saurin kama karatu, domin ya saba riƙe zaren magana daga farko har ƙarshe.

Batun tsafi kuwa, yanke hukunci na malamai ne, amma yadda ake yin abin zan iya faɗa miki. Fim hotuna ne tsayayyu da ake jerowa guda 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, ido ya ɗauke su motsi. Yaron da kika ga yana tashi sama igiyoyi ne ɗaure a ƙugunsa, a bayansa an shimfiɗa koren yadi, daga baya a goge igiyar da yadin a kwamfuta a sa gajimare. Dodon kuma masu zane ne suka ƙera shi, wani lokaci a sa wa ɗan wasa riga mai ɗigo-ɗigo, kwamfuta ta kwafi motsinsa ta ɗora wa dodon. In kika tsaya har ƙarshen irin wannan fim za ki ga sunaye ɗaruruwa suna hawa allo, yawancinsu masu wannan aiki ne. Dabarar ta tsufa. Wani Bafaranshe, Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan dabo ne a dandali, ya gano cewa in ka tsayar da kyamara ka canza abin da ke gabanta sannan ka ci gaba, mai kallo zai ga mutum ya ɓace ko ya rikiɗa. A 1902 har duniyar wata ya kai mutane a allo, alhali bai fita ɗakin aikinsa da ke gefen Paris ba. Yarinya mai shekara 13 za ta ji daɗin sanin wannan, ki gaya mata.

Duk da haka ba kowane fim mai dodo ne na yara ba, a nan dole a buɗe ido. Wasu akwai zubar da jini, wasu akwai shigar banza, wasu kuma suna ƙawata bokanci har ya zama shi ne gwanin labarin. Kawun ya duba alamar shekaru a jikin tallan. In an rubuta "Tous publics" na kowa ne, in an sa 12 ko 16 to ƙasa da wannan shekara ba a shiga. A tsarin Amurka G da PG su ne na iyali, PG-13 kuma ba na ɗan shekara 9 ba ne. Ya kalli ɗan guntun tallan fim ɗin a waya tun kafin ranar, minti biyu sun isa mutum ya gane inda aka dosa.

Maigidanki ya yi gaskiya cewa turi ya fi araha, nesa ba kusa ba. Sai dai abin da za su samu ba ɗaya ba ne. A waya yaro ɗaya ne ke riƙe, sauran suna leƙe ta kafaɗarsa, in wuri ya yi masa tsawo ya ja gaba, in caji ya ƙare shi ke nan. Sabon fim kuma sau da yawa kwafin da wani ya ɗauka a ɓoye ne, hoto dishi-dishi, sauti kamar daga cikin randa, ga shi ba ki san me mai turin ya haɗo da shi ba. A ɗakin silima an kashe fitila, babu abin da ke gaban yaro sai labarin, sauti na zuwa ta gaba da baya da gefe. Abin da ya fi burge ni shi ne jama'a. In dodo ya leƙo, ɗaki guda ya ja numfashi tare, in ya zame ya faɗi a taɓo ɗaki guda ya kwashe da dariya, tsoron da yaro ya ji ya narke a cikin dariyar mutane. Masu shirya irin wannan fim sun san da haka, shi ya sa suke barin ɗan sarari bayan abin dariya kafin magana ta gaba ta shigo. Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ba kullum ake zuwa ba. Tunda dama ta samu kuma aljihun kawu ne, kada a hana su.

Autan kuwa, ɗan shekara 5 bai gama raba abin da ke allo da abin da ke duniya ba. Duhu da ƙarar sauti da zaman awa ɗaya da rabi ko biyu sun yi masa yawa, kuma abin da yayyensa za su yi wa dariya shi zai iya kwana da shi. In ya kafe da kuka har aka tafi da shi, a zauna a bakin layi kusa da ƙofa, kawun ya shirya fita da shi ko da fim bai kai rabi ba.

Sauran ƙananan abubuwa: a zaɓi wanda aka rubuta wa VF, wato an juya maganar zuwa Faransanci, domin na tsakiyan ba zai iya bin rubutun ƙasan allo ba. A duba lokaci kada ya haɗiye la'asar ko magariba. In na tabarau ne, wanda ake kira 3D, wasu yara yana sa musu ciwon kai, na allo kawai ya wadatar. Ranar da suka dawo Maradi kuma, bayan an ci tuwon dare, ki sa su ba kakarsu labarin fim ɗin da Hausa tun daga farko. Za ki ji abin da suka fahimta da abin da ya tsorata su, ita kuma za ta auna da kunnenta.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwa, shekarata 46. Na je Kano sarin kaya, abokina ya ja ni silima, muka faɗa fim ɗin wani jaki mai magana da ubangidansa matsoraci. Na yi dariya har da hawaye. Da muka fito sai kunya ta kama ni, na ce dattijo da ni. Laifi ne?

AMSA: Alhaji, in ba ka bar salla ba, ba ka ci kuɗin cefane ba, ban ga abin kunya ba. Mutumin da ya wuni yana lissafin canjin sefa da naira, yana fama da shingayen hanya daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, yana da haƙƙin awa biyu da zuciyarsa za ta huta. Waɗanda suka rubuta fim ɗin ma manya ne irinka, kuma da gangan suke saka abin da zai taɓa babba, domin sun san babba ne ke kawo yaro. Wata tafiyar ka ɗauki uwargida.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Kullum na kalli irin waɗannan fina-finai sai in ji haushi, don me mu ba mu da namu? Sai soyayya da rikicin kishiya kawai?

AMSA: Ɗana, haushinka ya yi mini daɗi, amma ka sani an taɓa yi a ƙasar nan tamu ta Nijar. Mustafa Alhasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin na farko-farkon masu fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Bakanike ne tun asali. Ya yi aiki tare da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane, a 1966 ya fitar da ɗan gajeren fim wanda kwaɗi ne ƴan wasansa, har da shugaban ƙasarsu da ke tafiya ziyara. A 1977 ya yi wani da ƴan tsana. Daga baya ya zauna a Tawa yana ci gaba da aikinsa da kayan da hannunsa ya kai gare su. Umaru Ganda kuma, wani mai shirya fim ɗan ƙasar nan, shi ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibai da yawa sun san sunan Umaru Ganda a jikin gini ne kawai.

Dalilin da ya sa masu fim ɗin Hausa suka fi zama a falo da tsakar gida kuɗi ne. Rikicin kishiya ɗaki biyu da ƴan wasa biyar yake buƙata, a gama ɗauka cikin ƴan kwanaki. Dodo kuwa sai an zauna an ƙera shi hoto bayan hoto, wata da watanni, ga wutar lantarki da ke ɗaukewa, ga masu kwafi da ke jiran fim ya fito su raba shi a waya. Labari dai ba mu rasa ba. Macijin rijiyar Kusugu a Daura yana nan, Gizo yana nan da dukan makircinsa, tsofaffin Madarunfa kuma in ka zauna da su a bakin tafki za su ba ka abin da zai cika littafi.

Kada ka jira kwamfuta mai tsada. Ka samo yumɓu daga bakin gulbi ka gina Gizo da kura kamar yadda yara ke gina shanun laka, ka sa wayar ƙarfe siririya a cikin ƙafafun don su lanƙwasu. Ka kafe wayarka a wuri ɗaya kada ta motsa, ka rufe taga ka kunna fitila guda don haske ya tsaya daidai. Ka ɗauki hoto, ka gusa ƙafar kaɗan, ka sake ɗauka. Hoto 12 a daƙiƙa ya isa ido ya ga tafiya, ke nan minti ɗaya hoto 720 ne. Ka nemi abokai biyu masu iya sauya murya, ɗaya ya yi tsamin bakin Gizo. In kun haɗa minti uku, ku fara haska wa ƙannenku a bangon gida, ku lura da inda suka yi dariya da inda suka fara wasa da junansu, sai ku koma ku gyara wurin.