Filin Tambaya da Amsa: Idan Gwamnati Ta Soke Kwangila, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Wata hukumar Gwamnatin Tarayya ta tallata aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, kamfanina ya shiga takara, kuma ranar da aka buɗe takardu a gaban kowa farashinmu ne mafi ƙanƙanta. Bayan wani lokaci sai aka sanar da soke aikin ba tare da wani bayani ba, alhali na kashe kuɗi wajen haɗa takardun haraji da na fansho da jinginar banki. Shin zan iya kai ƙara? Daga wani ɗan kwangila a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da zai yanke hukunci a lamarinka shi ne ko an ba ka takardar amincewa da tayinka kafin sokewar, domin doka ta bambanta mai neman kwangila da wanda aka riga aka ƙulla yarjejeniya da shi.

Dokar Bayar da Kwangilolin Gwamnati ta 2007, a sashe na 28, ta ba hukuma ikon yin watsi da dukkan tayin da aka gabatar matuƙar ba ta amince da ɗaya daga ciki ba, ko ta soke takarar gaba ɗaya saboda maslahar jama'a, ba tare da ta biya kowa diyya ba. Saboda haka zama mafi ƙanƙantar farashi bai mallaka maka aikin ba, kuma da wuya kuɗin takardun nan su dawo. Ni dai ina ganin wannan sashe ya yi wa ƙananan 'yan kwangila tsauri, tunda su ne ke cin bashi domin shiga takara.

Sai dai hakan bai rufe maka ƙofa ba, idan kana da hujjar cewa an soke ne domin a karkatar da aikin ga wani. Sashe na 54 ya tanadi matakai masu wa'adi. Za ka rubuta ƙorafi ga shugaban hukumar cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ka samu labari, shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya ba da amsa a rubuce. Idan ba ka gamsu ba, sai ka ɗaukaka zuwa hukumar BPP da ke Abuja, mai sa ido kan bayar da kwangilolin Gwamnatin Tarayya, cikin kwanakin aiki 10, wadda za ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21, daga nan kana da kwana 30 ka garzaya Babbar Kotun Tarayya. Da yawa sun yi asarar ƙararsu saboda sun ɓata wa'adin farko suna zarya a ofisoshi suna neman alfarma, ko kuma sun tsallake matakan sun tafi kotu kai tsaye.

Idan kuwa takardar amincewa ta shiga hannunka kuma an sa hannu a yarjejeniya, to maganar ta koma ta karya alƙawarin kwangila, kana iya neman kuɗin aikin da ka yi da asarar da za ka iya tabbatarwa. A nan ka fara duba ko yarjejeniyar ta wajabta zuwa gaban masu sulhu kafin kotu, kamar yadda rikicin kwangilar wutar lantarki ta Mambila da kamfanin Sunrise ya kai gaban kotun sulhu ta ƙasa da ƙasa a birnin Faris. Ka kuma duba ko dokar da ta kafa hukumar ta buƙaci a ba ta sanarwa kafin shigar da ƙara.

Ka adana tallar aikin, da takardar halartar buɗe tayi, da sanarwar sokewar, ka kai wa lauya tun kafin kwanaki 15 ɗin su cika. Da a ce aikin na jiha ne, dokar kwangilolin jihar za a bi, wadda wa'adinta kan iya bambanta da na tarayya.