Tambaya da Amsa: Matasa Masu Araha ko Gogaggun 'Yan Wasa?

TAMBAYA: Ina bibiyar gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, kuma mun daɗe muna gardama da abokaina a kan wannan batu. Wanne ya fi wa ƙungiya alheri, ta tara matasa masu ƙaramin albashi ko ta zuba kuɗi ta ɗauko gogaggun da suka riga suka yi suna? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, a ganina ƙungiya ta kafa harsashinta da matasa, kuma dalilin yana cikin dokar albashi ta gasar. Matashin da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi shekara-shekara yana shiga kwantiragin da kan kai shekara huɗu bisa albashin da aka ƙayyade, ko da ya zama tauraro a shekararsa ta biyu. Tun yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a 2023 kuwa, ƙungiyar da jimillar albashin 'yan wasanta ta haura wani mataki ba haraji kaɗai take biya ba, har hannunta ake ɗaurewa wajen musayar 'yan wasa.

Dubi Oklahoma City Thunder. A 2019 ta ba Los Angeles Clippers tauraronta Paul George, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander, wanda kaka ɗaya kacal ya buga a lokacin, haɗe da gurabun zaɓe masu yawa, wato damar ɗaukar sabbin matasa a zaɓukan shekaru masu zuwa, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya kawo mata Jalen Williams a 2022. A kakar da ta ƙare a 2025 ta ci wasa 68 cikin 82, sannan ta ɗaga kofi bayan karawa bakwai da Indiana Pacers a zagayen ƙarshe. Brooklyn Nets kuwa hanzari ne ya cuce ta a 2013, lokacin da ta miƙa wa Boston gurabunta domin Kevin Garnett da Paul Pierce, alhali ƙarfinsu ya fara ja baya. Ta wannan cinikin Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda suka ci mata kofi a 2024, kuma har yau ina tausaya wa magoya bayan Brooklyn.

Sai dai kada abokanka su ɗauka cewa gogagge ba shi da amfani. Oklahoma ɗin nan ta ɗauko Alex Caruso a 2024, mutumin da ya taɓa cin kofi da Lakers a 2020. A wasa na bakwai da Denver, wanda ya raba gardama a zagayen kifa-ɗaya-ƙwala na 2025, shi aka sa ya tsare tauraron Denver Nikola Jokic duk da ratar tsawon da ke tsakaninsu, ya manne masa, ya hana shi karɓar ƙwallo cikin sauƙi. Irin wannan gogaggen nake so a saya: wanda zai toshe wata kafa sananniya ba tare da ya cinye rabin kasafin ƙungiya ba.

Arahar matasa ma ba ta ɗorewa. A 2025 sai da Oklahoma ta sabunta wa Shai da Williams da wani matashin tauraronta Chet Holmgren kwantiragi da maƙudan kuɗi, don haka nan gaba dole ta ci gaba da zaƙulo sabbin yara masu araha da za su kewaye su ukun.