Tambayi Likita: Zan Iya Ruku'u Bayan Aikin Ƙashin Baya?

Tambaya: Likita, ni direban tirela ne, shekarata 54. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon kwankwaso, yanzu har ya gangaro ƙafar hagu. In na yi tafiya kaɗan sai ƙafar ta mutu, sai na tsuguna ta sake ni. Hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin L4 da L5, wato ƙasusuwa biyu na ƙasan baya, ya zaizaye, jijiya ta matse. Wani dillalin asibitin ƙasar waje ya ce kada in yarda a haɗe mini ƙashi, wai akwai ƙarfe mai lanƙwasa. Tsorona kada in kasa ruku'u. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, sannu, Allah Ya ba ka lafiya. Dillalin bai yi ƙarya ba, akwai shi. Wanda ya fi suna shi ne Dynesys, da aka fara sa wa mutane a Faransa a 1994. Kusoshi ake ɗaurawa a ƙashin kamar dai aikin haɗe ƙashi da aka saba, wanda ke ƙame gaɓar ta daina motsi, sai dai maimakon sandar ƙarfe, igiya ce mai ƙarfi ake zurawa cikin ɗan bututun roba, don gaɓar ta riƙa ɗan motsi. An yi fatan hakan zai hana gaɓoɓin maƙwabta saurin lalacewa, tunda in aka ƙame guda, nauyi kan koma kansu.

Dabarar da daɗin ji, amma har yau ba a tabbatar ta fi haɗe ƙashi ba. Kusoshin kan yi sako-sako, gaɓar kuma sau da yawa takan sandare da kanta bayan shekaru. A 2009 ma kwamitin ƙwararru na FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya ƙi goyon bayan a yi amfani da Dynesys shi kaɗai ba tare da haɗe ƙashi ba. Wannan ɓangaren dillalai kan manta da shi.

Batun ruku'u, kwantar da hankalinka. Yawancin sunkuyon daga gaɓar ƙugu yake, ba daga L4 da L5 ba. Ko an haɗe gaɓa ɗaya, galibin mutane na komawa sallarsu a tsaye bayan sun warke.

Ni abin da ya fi jan hankalina ƙafar nan ce. Mutuwar da take yi, ta kuma sake ka in ka tsuguna, alama ce hanyar jijiya ta tsuke. In gashin ƙashi da magani sun gaza, ainihin aikin shi ne a buɗe wa jijiyar hanya. Idan ƙashin ba ya zamewa, mai yiwuwa ba ka buƙatar ƙarfe ko ɗaya. Kafin ka sayar da fili, ka kai hoton zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki wani kana sunkuye da kuma kana miƙe, a ga ko yana zamewa.

Amma ranar da fitsari ya ƙi fita, ko ya kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, kada ka kwana a gida, ka garzaya asibiti.