Amsa: Kwamitin ɗa'ar bincike a lokacin korona

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kin tambaya ko lokacin da korona ta hana taruwa a 2020 an daina tantance binciken lafiya kafin a shiga aiki. A'a, ba a daina ba, hanyar ce ta sauya. Maimakon kai takardu ofis, sai a tura ta imel, kwamiti ya zauna ta Zoom. A watan Mayu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan hanzarta tantancewa lokacin annoba ba tare da sassauta ƙa'ida ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne neman yardar masu shiga binciken ta waya. Tsohuwa a ƙauyen Wurno, wayar ta ɗanta ce, ga sabis na yankewa. Ta yaya za ki tabbatar ita ce ta amince, kuma ta fahimta? Ki karanta mata bayanin da Hausa, ki nemi izininta kafin ki naɗi muryarta, ki adana sautin inda kowa ba zai taɓa ba. Gwajin maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda aka yi zargin an yi wa yara ba tare da cikakkiyar yardar iyayensu ba, ya isa ya sa mu kiyaye.

Tunda a UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, za ki yi aikin, ki fara samun amincewar kwamitinsu a rubuce.