Ya Bar Majalisinmu Yana Kafa Hujja da Yahudawan Dā Kan Tashin Ƙiyama, Kuma Muna Tsoron Sharrinsa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna da majalisin karatu a unguwarmu. Wani daga cikinmu, wanda shi ne ma'ajinmu a da, ya samu saɓani da shugabanni ya fita, mutum biyu suka bi shi. Yanzu yana rubutawa cewa Yahudawan dā ba su san tashin ƙiyama ba, Annabi Musa bai koyar da ita ba, wai daga Farisawa aka aro ta. Ya kuma turo wa ɗayanmu saƙo cewa "za ku gani". Wasu samarinmu sun ce wanda ba ya tsoron lahira ba abin da ba zai aikata ba, gara a riga shi. Shin maganarsa gaskiya ce? Mene ne ya halatta mu yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, samarinku sun ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, shubuhar da yake yaɗawa da tsoron da kuke ji, kuma sai an kwance su kafin a yi hukunci.

Abin da ya faɗa game da littattafan Yahudawa yana da ƙamshin gaskiya, kada ku musa shi da jahilci ku ba shi nasara. Littattafai biyar na Attaurar da ke hannunsu a yau ba su ambaci tashin matattu ƙarara ba. Sakamakon da suke yawan ambata na duniya ne: ruwan sama, yawan zuriya, tsawon rai, ko fari da annoba. Kalmar da tsofaffin littattafansu ke kiran makomar mamaci ita ce Sheol, ta zo sama da sau 60, kuma ana siffanta ta da wuri mai duhu da shiru a ƙarƙashin ƙasa, wanda nagari da mugu duk suke gangarawa. A Littafin Farawa 37:35 an ruwaito Annabi Yaƙub yana cewa zai gangara Sheol wurin ɗansa yana baƙin ciki. Nassin da ya fi fitowa fili kan tashi da hisabi shi ne Daniyel 12:2, inda aka ce da yawa daga masu barci a cikin ƙasa za su farka, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya madawwamiya, kuma akasarin masu binciken Turai suna sanya rubuta wannan ɓangare wajen shekara 165 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka nan Yusifus, marubucin tarihin Yahudawa da aka haifa a shekara ta 37 Miladiyya, ya ce cikin ƙungiyoyin Yahudawa na zamaninsa Sadukiyawa suna ganin rai yana mutuwa tare da jiki, Farisiyawa (ba su ne Farisawa mutanen ƙasar Farisa ba) suna tabbatar da sakamako bayan mutuwa, Asiniyawa kuma suna cewa rai ba ya mutuwa.

Daga nan ne ya yi tsalle. Shirun littafi a kan abu ba ya nuna annabin da aka jingina wa littafin bai faɗe shi ba, balle mu da muka yi imani cewa abin da ke hannunsu an sa masa hannu. Alƙur'ani ya yanke magana. A Suratu Ɗaha aya ta 15, cikin maganar farko da Allah ya yi wa Annabi Musa a kwarin Ɗuwa, ya ce masa Sa'a mai zuwa ce domin a saka wa kowane rai da abin da ya aikata. A ƙarshen Suratul A'ala an ce lahira ce mafi alheri kuma mafi wanzuwa, kuma wannan yana cikin takardun farko, takardun Ibrahim da Musa. Ko a littafin nasu alamun ba su goge duka ba: Maimaitawar Shari'a 32:39 ta ce "Ni ne mai kashewa, ni ne mai rayawa", Ishaya 26:19 ta ce matattu za su rayu. Sadukiyawa kuwa ƙungiya ɗaya ce, ta manyan masu hidimar Haikali, babban ɗakin ibadarsu a Ƙudus, kuma tasirinsu ya ƙare bayan Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70. Abin da ya wanzu shi ne tafarkin Farisiyawa, har littafin Mishna, kundin hukunce-hukuncen malamansu wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya ce wanda ya musa cewa tashin matattu yana cikin Attaura ba shi da rabo a duniya mai zuwa. Musa bin Maimun, malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya sanya tashin matattu a matsayin na ƙarshe cikin ginshiƙan aƙida 13.

Maganar Farisawa zato ne da aka gina a kan maƙwabtaka. An kwashi Yahudawa zuwa Babila a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Sairus ya ci Babila a 539, suka zauna ƙarƙashin Farisa kimanin shekara 200. Majusawa, wato masu addinin Farisa na wancan lokaci, sun yarda da hisabi, wannan haka ne. Amma kamanni ba ya tabbatar da aro, kuma masu binciken ma ba su haɗu a kan haka ba. Majusawa suna ajiye gawa a fili tsuntsaye su ci, nassin Yahudawa kuwa yana maganar masu barci a cikin ƙasa da za su farka. Mu a wurinmu ba wata al'umma da mai gargaɗi bai je mata ba, don haka samun gutsuren wannan gaskiya a wurin al'ummu daban-daban shi ne abin da ake tsammani.

Yahudawan Madina ma ba tashi suka musa ba, tsawon azaba suka rage. Suratul Baƙara aya ta 80 ta kawo cewarsu wuta ba za ta shafe su ba sai 'yan kwanaki ƙidayayyu. Masu tafsiri sun ruwaito kwana 7 ko kwana 40, Mishna kuma ta ce hukuncin miyagu a Gehinnom, wato Jahannama a harshensu, wata 12 ne. A Bukhari da Muslim, wata Bayahudiya ce ta yi wa Nana A'isha addu'ar Allah ya tsare ta daga azabar kabari, ta tambayi Annabi (SAW), ya tabbatar mata cewa azabar kabari gaskiya ce. Karanta irin waɗannan labarai ya halatta ga mai tushe a aƙida, bisa ƙa'idar da Ibnu Kasir ya kawo a gabatarwar tafsirinsa: abin da wahayinmu ya gaskata mu gaskata, abin da ya ƙaryata mu ƙaryata, abin da ya yi shiru a kai mu bar shi yadda yake.

Musun tashin ƙiyama kafirci ne da ijma'i, aya ta 7 a Suratut Tagabun ta isa hujja. Sai dai ɗora wannan hukunci a kan wani mutum takamaimai aikin malami ne da ya zauna da shi, ya ji abin da yake nufi, ya karanta masa ayoyin, ya ga ko ya ƙi su ne ko bai san su ba. Da yawa masu irin wannan rubutu sun tsinci magana ce a intanet suna jifan tsoffin abokai da ita saboda haushi. Ko da kuma abin ya tabbata, duk hukuncin da zai biyo baya na alƙali ne, ba na majalisin karatu ba.

Yanzu ƙa'idar samarinku, cewa wanda ya yi shakkar lahira zai zubar da jini. Tsohon tsoro ne, Yahudawan ma sun yi shi. Littattafansu sun ba da labarin Elisha bin Abuya, malamin da ya bar su a ƙarni na 2. An ce ya ga wanda ya hau ɗauko 'ya'yan tsuntsu ya kori uwar, aikin da Attaura ta yi alkawarin tsawon rai a kansa, sai mutumin ya faɗo ya mutu. Malamansu suka ce da Elisha ya san tsawon ran na duniya mai zuwa ne da bai ɓata ba. Suka daina kiran sunansa, suka jingina masa kai rahotonsu ga Rumawa. Labarin Isra'iliyya ne, ba ma gina hukunci a kansa. Abin da tarihi ya fi tabbatarwa ya karya ƙa'idar: masu ɓoye wuƙa a riga suna sukar mutane a taron idi a Ƙudus kafin shekara ta 70, waɗanda ake kira Sikariyawa, ba masu musun lahira ba ne. A namu tarihin, Ibnu Muljam da ya sari Sayyidina Ali a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, neman Aljanna yake yi a zatonsa. Aƙidar mutum kaɗai ba ta nuna zai kai hari. Maganarsa da aikinsa ne ke nunawa.

Sayyidina Ali ya bar mana ma'auni a kan waɗanda suka ɓalle daga jama'arsa suna kafirta shi. Ya ce wa Hawarijawa ba zai hana su masallatai ba, ba zai hana su rabonsu na ganima ba matuƙar hannunsu yana tare da na jama'a, kuma ba zai fara yaƙarsu ba. Bai yaƙe su a Naharawan ba sai da suka kashe Abdullahi bin Khabbab da matarsa mai ciki. Shi kuma halifa ne mai iko. Saboda haka rigan wannan mutum da duka, ko tare shi a hanya, ko tura masa barazana, haramun ne, kuma wanda ya zuga aka yi yana da kaso a zunubin.

"Za ku gani" kaɗai zato ne, ana faɗarta a kan kai ƙara kotu ko tona asiri. Ba ta halatta a kira shi mai shirin kisa ba, amma ta halatta a yi hattara, domin Allah ya ce ku riƙi shirinku a Suratun Nisa'i aya ta 71. Abin ya zama zato mai rinjaye idan ya ambaci sunan mutum da wuri ko lokaci, ko aka gan shi yana kewaya gidan wani ko yana bin sawun yaransa, ko ya nemi makami, ko yana da tarihin duka, ko ya soma maganar cewa rayuwarsa ta ƙare ba abin da ya rage masa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kai rahoto a ranar, kuma a lokacin kai rahoton wajibi ne, ba gulma ba ce. Imam Nawawi ya ƙirga kai ƙara da gargaɗi daga sharri cikin wurare 6 da ambaton mutum a bayansa ya halatta.

Abin da za ku yi tun yau: kada a goge saƙon, a ɗauki hotonsa yadda lambar waya da kwanan wata za su fito, a ajiye kwafi a wurin mutum biyu, kuma kada wanda aka tura wa ya mayar da martani, domin zagi ɗaya daga gare ku yana mayar da ƙorafinku faɗan mutum biyu a gaban hukuma. Tunda tsohon ma'aji ne, a sauya kwaɗon ɗakin ajiya, a rubuta wa banki a cire sa hannunsa, a yi lissafi a gaban shaidu biyu. Idan yana bin ku kuɗi ko kaya, a biya shi cif a karɓi shaidar karɓa; saɓanin aƙida ba ya cinye haƙƙi, kuma sau da yawa haƙƙin da aka danne shi ne wutar da ke ƙarƙashin tokar. A sanar da mai unguwa a rubuce. Idan alamun da na ambata sun bayyana, a kai takardar ƙorafi caji ofis da hotunan saƙonnin, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, kuma kotu tana iya sa shi ya ɗauki alkawarin zaman lafiya a rubuce.

Kuskuren da na fi ji muku tsoro shi ne sanya sunansa da hotonsa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp da lakabin mai ridda. Kalmar tana fita daga hannunku ta faɗa hannun wanda ba ku sani ba, kuma ƙasar nan ta ga rayukan da taron jama'a ya ɗauka a kan zargi kafin wani alƙali ya ji magana. Idan za a yi raddi, a yi wa maganar ba tare da sunansa ba. Mutum biyun da suka bi shi kuwa ba su tura wa kowa saƙo ba, babu laifin da ya hau kansu, a ci gaba da yi musu sallama. Shi kansa a samu dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ba cikin waɗanda suka yi rigima da shi ba, ya same shi a gidan wani na uku da rana, ya tambaye shi me yake nufi da "za ku gani", ya saurari ƙorafinsa har ƙarshe kafin ya buɗe masa Suratu Ɗaha.

Wallahu a'alam.