Kawu, ga dalilin da ya sa kuke ganin mu bisa keke a Beljiyam

Kawu, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Tambayarku ta iso: wai me ya sami Hausawan Liège, magidanta har da masu furfura, da suke ajiye mota a ƙofar gida su hau keke su shiga duwatsu ranar Lahadi? Talauci ne, ko abin yi ne babu? Ba ku kaɗai kuka yi mini wannan tambaya daga Maraɗi ba, shi ya sa na ga gara in amsa a inda kowa zai gani.

Sai kun fara sanin yadda ƙasar take. Arewacin Beljiyam shimfiɗaɗɗe ne, amma kudu, inda muke, tuddai ne da dazuzzuka da ake kira Ardennes. Ba wasu dogayen duwatsu ba ne, don wuri mafi tsawo a duk ƙasar, Signal de Botrange, mita 694 ne kacal. Abin da ke wahalar da mai keke shi ne koguna sun yanka ƙasar sun yi kwari mai zurfi, kana fita daga bakin ruwa sai hanya ta miƙe tsaye. Liège na zaune bakin kogin Meuse, a nan kogin Ourthe ke zubowa cikinsa. Saboda haka duk wanda ya fito da keke zaɓi biyu ne gare shi: ya bi ruwa ya huta, ko ya hau tudu ya ji a jikinsa.

Yawancinmu 'yan bin ruwa ne. Tun 1995 hukumar yankin Waloniya, wato kudancin ƙasar, ta soma gyara tsofaffin layukan dogo da hanyoyin gaɓar kogi, waɗanda a da dawakai ke bi suna jan jiragen ruwa, ta mai da su na masu keke da masu tafiya a ƙafa. RAVeL ake ce musu, kuma yanzu sun haura kilomita dubu. Mota ba ta shiga. Idan muka tashi daga Liège muka bi Ourthe, za mu wuce Tilff da Esneux har Comblain-au-Pont, inda kogin Amblève ke haɗuwa da shi, ruwa a gefe guda, bangon dutse da itatuwa a ɗaya gefen. Ambaliyar watan Yuli na 2021 ta yi ɓarna sosai a kwarin nan, har yau idan ka lura za ka ga shatin ruwa a bangon wasu gidaje. Wani lokaci kuma Meuse muke bi zuwa Huy, kilomita talatin da 'yan kai, masu ƙarfi su zarce Namur su dawo a jirgin ƙasa da kekunansu.

A kan hanyoyin nan al'adarmu ta kafu. Ana haɗuwa ƙofar masallaci da hantsi, kuma ba a tashi sai an gama gaishe-gaishe, ko da Baturen da ya biyo mu yana ta duba agogo. Wanda ya fi kowa shekaru shi ke gaba, gudunsa shi ne gudun kowa, yaro bai isa ya wuce shi ba sai an ce masa ya wuce. Idan tayar wani ta yi faci, duk ayarin ke tsayawa: wannan ya kifa keken bisa sirdi, wancan ya ciro tif, wani ya kama famfo, sauran kuma su tsaya suna ba da shawarar da ba a nema ba. A aljihun bayan riga akwai dabino, wani lokaci kilishin da aka aiko daga gida. Turawa idan sun gama sukan zauna a shagon ƙauye su sha barasa. Mu ma mukan zauna, mu nemi kofi ko shayi, kuma sun saba da mu.

Azahar ta sha riskar mu a bakin Ourthe. Ana alwala da ruwan gora, a shimfiɗa rigar ruwa bisa ciyawa, a duba alƙibla a waya. Masu wucewa sukan rage gudu su kalla, wasu su ɗaga hannu, wasu su kau da kai. An taɓa yin gardama mai zafi kan ko tafiyar Namur ta kai a yi ƙasaru, tun da ta yi kusa da tazarar da malamanmu na Malikiyya ke faɗa amma ba ta cika ba. Limaminmu ya ce a cika salla, aka bar maganar nan.

Na san abin da ya fi tsaya muku a rai shi ne tufafin. Gaskiyarku, wandon tsere matsattse ne, kuma an yi shi haka ne don yana da soso a ƙasa, in babu shi mutum ba zai iya awa huɗu bisa sirdi ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne a ɗora wando mai sakin jiki wanda ya rufe gwiwa. Samari biyu-uku sun ƙi, suna cewa iska na riƙe su. Ni dai ban ga tseren da suke ci ba da har iska za ta zame musu hujja.

Sai tuddai, inda ake raba yaro da babba. Mutanen nan keke a jininsu yake. Tseren Liège–Bastogne–Liège tun 1892 ake yin sa, kilomita 250 da wani abu a yini guda, ƙarshen watan Afrilu. Eddy Merckx, ɗan Beljiyam, ya ci shi sau biyar. A 1980 ƙanƙara ta yi ta zuba, mutum 174 suka tashi, 21 kawai suka ƙarasa, Bernard Hinault na Faransa ya zo na ɗaya. Kuma hanyoyin da suke bi ba a rufe suke ba, ko gobe ka ga dama sai ka je ka gwada kanka.

Tudun da muka fi zuwa, cikin waɗanda tseren ke bi, shi ne La Redoute, bayan ƙauyen Remouchamps a bakin Amblève. Tsawonsa bai wuce kilomita 2 ba, sai ka raina shi. Daga ƙasa yana farawa a hankali, gefen babbar hanyar mota, sannan ya kutsa tsakanin gonakin ciyawa ya tsananta har miƙewarsa ta kusa kashi 20 cikin ɗari, wato duk mita ɗari da ka yi gaba ka hau sama kusan mita ashirin. A nan za ka sauko giyar keke ta ƙarshe, ka laluba ko akwai saura ka tarar babu. Ka miƙe bisa feda tayar baya ta nemi zamewa, ka zauna ta gaba ta nemi tashi. Kwaltar cike take da sunan Philippe Gilbert, ɗan ƙauyen, wanda ya ci tseren a 2011, an rubuta da farin fenti layi bayan layi, kana karantawa kana haki. Shanu na bayan waya suna tuƙa suna kallonka. Daidai nan Remco Evenepoel, shi ma ɗan Beljiyam, ya tsere wa jama'a a tseren 2022. Mu kuwa rabinmu da ƙafa muke ƙarasawa, ana tura keke ana dariya. Akwai kuma tudun Mur de Huy a garin Huy, kilomita 1.3, wanda a wata kwanarsa ya kai kashi 26. Shi kam ban ba dattijo shawara ba.

Abin da ya ƙara jawo yaranmu shi ne Biniam Girmay, ɗan Eritiriya, da ya ci tseren Gent–Wevelgem a nan Beljiyam a 2022, lokacin yana cikin ƙungiyar tseren keke ta yankinmu na Waloniya. Daga ranar suka daina cewa wasan Turawa ne. Amma in kun tambaye ni, hanyar bakin kogi ta fi tudu yi mana amfani. Mutum ya shekara ashirin tsakanin wurin aiki da gida da masallaci, bai san sunan ƙauye ko ɗaya ba, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga zaman ɗaki na hunturu lokacin da rana ke faɗuwa kafin biyar na yamma. Yanzu likita na yaba masa, ya kuma san ƙasar da 'ya'yansa ke kira tasu. Da azumi ba ma hawa tudu, sai dai ɗan zagaye bakin Meuse kafin shan ruwa. Shekarun da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, magariba na kai wa wajen goma na dare, ko wannan ma mun ajiye.

Ba kowa ya yarda ba. Akwai dattawanmu a nan da har yau suke ganin zubar da girma ne, musamman da 'yan mata suka fara fita da hijabinsu, su da iyayensu mata, a nasu ayarin. Ana nan ana ja, ba a gama ba.

Batun talauci kuwa, Kawu, keken tsere sabo yakan fi babur tsada a can gida, shi ya sa galibinmu na hannu muke saye, kuma a ɗaki yake kwana saboda ɓarayi. Wanda ke zuwa aiki da keke ma, wurin aikinsa na biyan sa kuɗi kan kowace kilomita. Ku gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, abin da nake aikowa duk wata ba zai ragu ba. A gaida mutanen gida baki ɗaya.